Kawu Altine da Kwamfutar da Ya Ƙi Mari

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Altine rediyo a kasuwar Bodinga ya san ba da gaisuwa ake farawa ba. Kafin ka rufe baki daga sallama ya fizge rediyon, ya kara a kunne, ya ɗauke shi da mari, tas! In ya yi magana, ya miƙa maka abinka, sannan ya tambaye ka mutanen gida. In bai yi ba, ya juya shi ya ƙara masa ɗaya a ɗaya ɓangaren. Kuma maganarsa ɗaya ce kullum: "Ba lalacewa ta ba, raini na."

Ku da kuka san shi kuna dariya, na sani. Ni ma zan yi, amma ku bar ni in fara faɗin abin da mutumin nan ya yi mini, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Yayan mahaifiyata ne, Hajo, Allah ya jiƙanta, saboda haka ba wanda zai ce ƙage nake masa.

Zamanin Jamhuriya ta Biyu ne sunansa ya fito. Wani ɗan takara ya zo Shagari yaƙin neman zaɓe, yana tsakiyar alkawarin rijiya da makaranta sai na'urar lasifika ta ɗauke. Direba ya taɓa nan, ya taɓa can, shiru. Kawu ya ratso jama'a ba wanda ya kira shi, ya hau bayan motar, ya zabga wa akwatin mari. Magana ta dawo daidai lokacin da ɗan takarar ke zagin direbansa ta uwa ta uba, duk filin ya ji. Da aka ce masa ya jawo wa mutum abin kunya, sai ya kaɗe hannu ya ce shi dai an ga aikinsa ya yi, abin da ke fita daga ciki kuwa ba shi ya zuba ba.

Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, lokacin da ake layin sabulu da madara, sai maƙonsa ya samu wurin zama. Tsofaffin batura a shanye kan rufin shagonsa kamar kuɓewa. Ko kusa ɗaya ba ya yarwa. Sabon kayan gyara kuwa haramun ne a wurinsa: ya ciro daga rediyon wannan ya sa a na wancan, ya ciro daga na wancan ya toshe na wani. Har ta kai babu rediyo tsakanin Dingyadi da Danchadi da ba shi da ɗan'uwa a cikin wani. Ku riƙe wannan halin, don shi ya kusa kai ni ƙasa.

Ni a lokacin ina buga tafireta a ofis. Aka zo rage ma'aikata, sunana na cikin na farko. Na yi shekaru ina buga wa mutane takardun koke a ƙarƙashin bishiya, har kwamfuta ta fara shigowa, masu takarda suka koma hawa mota zuwa Sakkwato. Na roƙi Baba ya taimake ni in sayi tawa. Daga baya ya sayar da albasar da ya noma a fadamar Danchadi ta shekarar gaba ɗaya, ya ba ni kuɗin, da sharaɗi guda: in har ranar kasuwar Bodinga ta biyu ta zo bai ga rubutu da idonsa a jikin abin nan ba, a sayar da shi ko nawa ne, in kwaso iyalina in dawo fadama. Ni da furfura ta fara fito mini a gemu!

Niyyata in sayo haɗaɗɗiya. Kawu ya ce atafau. Wai don me za a biya wani ladan ɗaura kusoshi alhali shi yana raye? Haka muka sayo ta gunduwa-gunduwa, akwati daban, allo daban, kayan ciki daban, muka shigo da su ƙuryar shagonsa.

To, a nan ne mutumin da kuka sani ya ɓace. Wallahi sai da ya cire takalmi ya wanke hannu kafin ya taɓa ta. Ya kore ni gefe, wai hannuna ya saba da dukan tafireta. Akwai wata 'yar siririyar aba mai kama da mataji, ram ake ce mata, wadda ake cusawa a wani rami a cikin akwatin. Ya ɗora ta a ramin a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya ja da baya, ya ce kada in kuskura in numfasa kusa da ita.

Muka tayar da janareta, muka kunna. Fanka ta juya. 'Yar fitila ta kama. Allo baƙi ƙirin. Muka kashe, muka sake kunnawa, baƙi. Muka cire wayar allo muka hura muka mayar, baƙi. Na ɗauki allon a ka har gidan wani malamin makaranta mai kwamfuta, aka jona, ya kawo tar. Ashe ba laifin allo ba ne. Kwana uku muna wannan, kasuwa ta farko ta ci ta watse.

A rana ta huɗu na ce, "Kawu, don Allah ka mare ta."

Ya dube ni kamar na ce ya mari liman. Ya ce wannan ba rediyo ba ce, baƙuwa ce, kuma shi ba ya marin baƙo. Jama'a, ku ji fa! Mutumin da ya mari talabijin ɗin alƙali a gaban alƙalin!

Na hau mota zuwa Sakkwato na sami wani mai gyaran kwamfuta. Abu ɗaya ya tambaye ni, wai wane irin kuka take yi in an kunna ta. Na ce ba ta kuka. Ya ce ai ba a yin haka, a cikin akwatin akwai 'yar ƙaramar sifika, da ita take faɗin abin da ke damunta. In ta yi kuka gajere sau ɗaya, lafiya. In ta yi ta jan kuka mai tsawo tana maimaitawa, to ram ce ba ta zauna ba, a danna ta da ƙarfi har a ji ta ce ƙas.

Na dawo na leƙa akwatin. Ga wurin sifika, ga ramukan kusa, babu sifika. Na juyo. Kawu ya duƙufa yana goge wani batir da ba ya buƙatar guga.

Sai da na tambaya sau uku ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kwamfuta mi za ta yi da sifika? Waƙa taka yi?"

Ashe tun ranar farko, ina waje ina zuba wa janareta mai, ya kwance ta ya sa a rediyon wani Malam Cika, manomi daga Dandin Mahe. Abin da zai gaya mana ciwonta a minti ɗaya, yana can yana karanta wa wani labaran duniya a gona! Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. Na ce masa ya ci amanata, na ce maƙonsa zai mayar da ni fadama da 'ya'yana. Sai ya fito da tsohon babur ɗinsa ya ce in hau.

Babur ɗin ma da mari ya tashi. Muka bi ta Shagari muka isa Dandin Mahe, muka sami Malam Cika a bakin gona da rediyon rataye a wuya. Ya ji bayaninmu tsaf, sannan ya ce Allah ya ba mu haƙuri, rediyon nan tun da ya saye shi bai taɓa magana garau irin ta yanzu ba. Na roƙa, na haɗa shi da Allah. Da ƙyar ya yarda ya ba mu aron sifikar, amma fa sai ranar kasuwa, kuma da kansa zai kawo ta, a cire a gabansa a mayar a gabansa, don ya san halin Altine.

Ranar kasuwar ta zo, wato ranar da Baba ya yanke. Malam Cika ya iso da hantsi ya zauna a kan benci yana rungume da rediyonsa. Ba a daɗe ba sai ga Baba. Ya gaisa da kowa, ya jingina wata sabuwar fartanya a ƙofar shago, ya zauna. Bai ce tawa ce ba. Ba sai ya faɗa ba.

Kawu ya kwance sifikar ya mayar da ita mazauninta. Muka kunna. Sai ga kuka, dogo, ya tsaya, ya sake ja, ya sake ja, daidai yadda mutumin Sakkwato ya faɗa. Na kashe na miƙa hannu zan danna ram ɗin, Kawu ya riƙe mini wuyan hannu. Wai za ta karye.

Nan fa na ƙarasa fusata. Na ce shekara nawa yana jibgar kayan mutane ba tsoro, sai yau da abin ya zo kaina ya zama mai tausayin ƙarfe? Na faɗa a gaban Baba, a gaban baƙo, ban rage komai ba.

Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, "Waɗancan kayan mutane na. In na hwasa, in ciro wani in sa. Wagga in ta karye a hannuna, mi za ni ce ma Hajo ran da munka gamu?"

Kwana da kwanaki ina kallon taurin kai, ashe tsoro ne.

Na ɗora manyan yatsuna biyu a kan ram ɗin. Ya yi bisimilla, ya ɗora nasa a kan nawa, muka danna tare. Ta ce ƙas. Ya rufe ido, don ya ɗauka karyewa ta yi. Na kunna. Kuka gajere sau ɗaya, sai fararen haruffa suka fara gudu a kan allo.

Baba ya taso ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ba ya karanta boko, amma ya ga rubutu. Ya koma ƙofa ya ɗauki fartanyarsa ya saɓa, ya ce mu wuni lafiya. Kawu kuwa ya tsaya yana duban akwatin, ya gyara hannun riga, ya ɗauke shi da mari, tas, har haruffan suka girgiza.

"Ashe ke ma raini na," in ji shi.

Kafin in farfaɗo daga wannan, ya riga ya kwance sifikar ya mayar wa Malam Cika. Haka kwamfutar ta yi shekarunta bebiya, da ita na ciyar da gidana na sa yara makaranta. Kuma har ya koma ga Allah, duk wanda ya tambaya sai ya ce masa da mari ɗaya ya gyara ta. Ni ina zaune a wurin! Ban taɓa ƙaryata shi ba, kuma ban taɓa ba shi haƙurin maganganun da na gaya masa ranar ba. Kullum ina cewa gobe.

Ya Allah, ga Kawu Altine nan ya zo maka. Ka yafe masa, ka sa ya yafe mini. Ka yi masa a hankali, yadda ya yi wa abin da yake nawa. Ka haɗa shi da ƙanwarsa a Aljanna, ya gaya mata ba ta karye ba.