Fensir a Jikin Allo

Yayana shekara ashirin da biyu ya yi yana koyar da lissafi a ƙananan azuzuwan sakandare, kuma babu ɗalibin da ya fita daga hannunsa bai iya raba lamba ba. Malam Sannu suke ce masa, don komai a hankali yake yi, har goge allo. Ni kuwa shagon fotokofi gare ni a bakin ƙofar makarantar, duk abin da ya faru a ciki sai ya biyo ta wurina.

Da malamin aljabara na ajin ƙarshe ya samu wani aiki ya tafi, shugabar makaranta ta kira Yaya ta ce ya karɓi ajin. Ya ce bai taɓa karanta irin wannan ba. Ta ce ai lissafi duk lissafi ne, in kuma ba zai iya ba, ga takardun yara masu digiri nan jibge a teburinta. Mutum mai 'ya'ya biyar, ga tsohuwarmu a gidansa, me zai ce mata?

Ranar ya shigo shagona da littafin, kauri kamar bulo. Ya buɗe yana nuna min da yatsa: logarizim, lambobi an jera su cikin baka layi-layi, wani zane mai lanƙwasa kamar kwano, x da y sun cika shafi babu lamba ko ɗaya ta kirki.

"Ƙanwata," ya ce, "wai har da lambar da babu ita, amma sai an lissafa ta."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi. Kullum bayan tashi yana kan bencina da littafin har in rufe shago, amma yana gane shafi ɗaya manhaja ta wuce uku. Sai ya ɓullo da dabara. Kafin kowa ya zo zai shiga aji ya kwafe aikin daga littafin malamai da fensir a jikin baƙin allon. Daga kujera ba a ganin komai, sai wanda ya kai hancinsa dab yake hango ƙyallin rubutun. In darasi ya zo sai ya bi sawun da alli. Ɗalibai suna zuwa shagona suna cewa Malam Sannu shinshinar allo yake kafin ya rubuta. Nakan kore su. Na ce masa, "Yaya, wannan abin ba zai kai ka ba." Ya ce in dai ya kai shi ƙarshen zango ya isa, da hutu zai zauna ya koya da gaske.

Sai aka ce masu makarantar za su zo ranar Laraba su kalli darasinsa, daga nan su yanke ko ya zauna ko ya tafi. Talata da yamma ya cika allon da fensir, layi goma sha tara. Bayan fitarsa shugaba, uwar son burgewa, ta sa mai fenti ya bi duk allunan ya shafe su baƙi ƙirin saboda baƙi, ta kulle azuzuwan kada a ɓata. Ba a buɗe ba sai da kowa ya hallara.

Ɗaliban ne suka ba ni labari. Ya rubuta tambayar, ya matsa kusa da allo, ya ƙara matsawa. Ya rubuta layi biyu da ka, ya goge. Ya tsaya har aka fara tari. Sannan ya juyo ya ce, "Yara, ku yi haƙuri, wannan ban iya shi ba."

Ranar Juma'a aka ba shi takardar sallama. Shekara ashirin da biyu, ko ƙaramin ajin nasa ba su mayar masa ba. Na yi kuka, na yi zagi, har yau in shugabar ta aiko da aiki sai na ja mata rai.

Bayan sati uku ya shigo shagona da rana tsaka, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ajiye takarda a kan injina, an cika ta gaba da baya.

"Lissafin ranar Larabar nan, na warware shi," ya ce. "Ni kaɗai, ban buɗe littafin malamai ba. Na ma gane dalilin."

Ya waiwaya ya dubi ƙofar makarantar, ya dawo da ido kaina.

"Duba min, ƙanwata."

Ni da ko harafi ɗaya ban gane ba, na karɓa na bi layin da yatsa har ƙasa, na ce masa daidai ne.