Ammu Sambo, mai karanta littafin Kano da bakin Mai Wurno

Ammu Sambo ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a ƙofar gida da jakar makaranta, ina jiran hafila, bas ɗin Sinnar. Habboba Ige, kakata, ta leƙo ta ce, "Balkisu, aje jakag ga. Sambo mai littattahai ya riga mu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hafilar ta zo, ta yi ta danna hon, ta gaji ta wuce.

Kun san da Larabci nake rubutu a shafin nan, shi ma ba kullum ba. Yau da Hausa zan yi, don shi ya koya mini waɗannan baƙaƙen. Wanda bai iya karanta ta ba, ma'alesh, ya yi haƙuri ya nemi wani ya karanta masa.

Ga wanda bai san shi ba, Ammu, wato baffa, kowa ke ce masa, shi ne dattijon nan da ke shimfiɗa littattafai a kan buhu ƙarƙashin dogon yaro, daura da tashar motocin garinmu Mai Wurno a birnin Sinnar. Tsofaffin littattafan makaranta, ƙamus, labaran Larabci. A gefen ƙafarsa kuma akwai wani katan da ba ya buɗewa sai an tambaya. Na Hausa ne a ciki, waɗanda 'yan kasuwa da matafiya ke kawo masa daga Kano.

Shekarata ta farko a sakandare kullum ta gabansa nake wucewa, ina satar kallon bangon littattafan. Ban taɓa tsayawa ba. Ni ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin ta fito.

Ran nan hafila ta yi jinkiri, rana ta buɗe, na raɓa inuwar bishiyarsa. Bai ko dube ni ba. Ya turo mini wani kwali da ƙafa.

"Zamna, ɗiyata. Ba a biyan inuwa."

Da ya ji ni jikar Ige ce, sai ya buɗe katan ɗin nan ya miƙo mini ɗaya. Na ga baƙaƙen irin na Ingilishi ne, na ce ai wannan mai sauƙi ne. Inda aka rubuta "ya ce" na karanta "ya se". Inda aka rubuta "ciki" na ce "siki". Ya yi dariya har tari ya kama shi. Sannan ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa: wannan ta cin tuwo ce, waɗannan masu ƙugiya su ne na ƙasa da ɗaki da ɓawo.

A ƙasar tasha na koyi karatun Hausa, tsakanin bawon gyaɗa da sawun jakuna.

Duk littafin da na fara, sai ya sa ganyen dogon yaro a inda na tsaya, ya ɓoye shi ƙarƙashin matashin da yake zama a kai. Na taɓa ji wani ya nemi ya saya, ya ce masa, "An riga ka." Alhali ni ban taɓa cewa zan saya ba.

In mota ta cika, kumsari, wato kwandasta, yana buga ƙofa yana kiran fasinja, sai Ammu ya ɗaga hannu. "Kai, yaro, bari ta kai aya."

Kuma kumsarin yakan jira.

Mutanen garinmu sun fi saninsa da zaman Alhamis. Bayan la'asar yakan dawo Mai Wurno da wuri, a shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gidansa, mata a gefe guda, tsofaffi a kan gadaje, ana zuba jabana, gahawarmu. Ya buɗe littafi ya karanta musu labari. Yawancinsu ba su taɓa ganin Kano ba, ba su taɓa ganin Sakkwato ba, amma in ka ga yadda suke gardama a kan mutanen cikin labarin sai ka rantse maƙwabtansu ne.

Wata Alhamis na zauna a bayansa, ina bin yatsansa da ido. A nan na ga abin da ya ɗaure mini kai. Littafi ya ce "suka tafi", Ammu ya ce "sunka tahi". Littafi ya ce "farin doki", Ammu ya ce "hwarin doki". Inda aka rubuta "kogi" shi "bahar" yake cewa, inda aka rubuta "gona" ya ce "hawasha", har tsofaffi su ɗauka a nan bakin Nilu abin ya faru.

Mu kuwa a makaranta an koya mana ko wasali ɗaya ba a canza wa marubuci. Na jira har mutane suka watse, na matsa kusa, na yi ƙasa da murya.

"Ammu, ba haka aka rubuta ba."

Ya juyo ya dube ni sosai. "Iye! Tun ba a haihe ki ba nike yi, sai yau anka kama ni." Ya rufe littafin. "To Alhamis mai zuwa ke za ki karanta muna. Yadda anka rubuta."

Na ɗauka wasa yake. Da ranar ta zo sai kawai na ji littafi a hannuna, kowa ya yi shiru. Na karanta kamar yadda yake a takarda, ban kauce ko harafi ba. Ban kai ƙarshen shafi ba wata tsohuwa ta ce, "Sambo, amshi abinka, wanga ba shi na na ran nan ba." Habboba kuwa ta tafa hannu.

"Wa ya musanya min jika? Da sahe 'yar Wurno, da marece Bakanuwa!"

Rumfa ta ɗauki dariya. Na ajiye littafin na gudu gida. Daga ranar ban sake karatu da ƙarfi a gaban kowa ba, ko a aji sai an tilasta mini.

Kashegari a tasha na so in wuce ta bayan motoci, sai na ji kwalin nan ya taɓa mini ƙafa.

"Ba ke sunka yi ma dariya ba," in ji shi. "Littahin nan baƙo na, daga nesa ya taho. In na shiga da shi gidan tsohi, sai in tuɓe mishi takalmi, in koya mishi gaisuwarmu. Ke kuwa kin shigo da shi babu sallama. Kuma ba ki yi laihi ba, ke ag da gaskiya, hakanan anka rubuta."

Ya ba ni dabino. Na karɓa, na zauna.

Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Sai muka koma wata dabara. Ran Laraba in na taso daga makaranta, in zauna kusa da shi in karanta masa a hankali, yadda ko mai shayin da ke gefenmu ba ta ji. Shi kuma ya riƙe a ka. Ran Alhamis ya buɗe littafin a rumfa, ya sa yatsa a kai, ya ba da labarin kamar yana gani.

Akwai ranar da ya riƙe littafin a kife. Na ga Habboba ta gani. Na ga wasu ma sun gani, don hoton bango yana kallon ƙasa. Babu wanda ya ce uffan. Sai ma wata ta ce, "Ci gaba, Sambo, mi yaz zam ga matar?"

Mutanen Sinnar kun san kasuwar littattafan da malamai da masu saida littafi ke haɗawa duk shekara a filin makaranta. Rumfuna, tebura, da yamma a kunna lasifika a yi ta karanta waƙoƙi da gajerun labarai. Duk da Larabci. Ammu bai taɓa rasa tebur a wurin ba, kuma duk shekara sai ya je wajen Ustaz Taha, malamin da ke tsara masu karatu, ya roƙi a ba Hausa ɗan lokaci ko yaya. Bai taɓa samu ba, ba don ƙi ba, masu son karatu ne da yawa, kuma ana ganin wa zai saurara.

Bana aka ba shi. Asabar mai zuwa, ranar rufewa, bayan la'asar.

Shekaranjiya ne ganina da shi na ƙarshe. Na same shi ya sa an aske masa kai, yana ta fara'a, yana gaya wa duk wanda ya tsaya. Da wurin ya yi sauƙi sai ya ce in matso.

"Balkisu, tsohin Wurno suna ruhwa min asiri. Mutanen birni ba su san ni ba. Ba ni hawa gabansu in riƙa takarda ina ƙaryar gani. Ke za ki karanta."

Na ce, "Ammu, da makirfo fa ake yi."

"Makirfo ba ya cizo."

"Za su yi dariya."

"Wataƙila. Mu ma mun yi, ba ki mutu ba."

Sannan na tambaye shi abin da ya fi damuna. In na karanta yadda aka rubuta, tsofaffinmu da za su je ba za su ji nasu ba ne. In na juya shi irin nasa, akwai malamaina a wurin. Da wane baki zan karanta?

"Da wanda kinka gaida kakarki yau da sahe," ya ce. "Amma ban matsa miki ba, ɗiyata. Tahi ki yi shawara da zuciyarki."

Kumsari ya fara kira. Na ce masa sai Alhamis zan ba shi amsa. Daga tagar mota na hango shi yana shafa littattafan da tafin hannu, yana daidaita musu layi.

Jiya da yamma ciwon ƙirji ya taso masa. Bai kai asuba ba.

Ɗazu, bayan maza sun dawo daga maƙabarta, Ustaz Taha ya kira wayar babana ya yi ta'aziyya. Sannan ya ce Ammu ya ambaci sunana, amma bai tabbatar ba. Yana so ya sani, a bar lokacin nan ko a ba wani, don masu jira suna da yawa kuma yau za su rufe tsari. Ya ce in ba zan iya ba babu komai, za su yi masa addu'a a wurin.

Baba ya miƙo mini wayar. Na riƙe ta a kunne. Ina jin Ustaz yana "Alo? Alo?"

Habboba tana zaune kusa, idonta ya kumbura da kuka. Ta ce, "Ke, in ba ki iyawa ba ni wayag ga. Ni in tahi in yi musu tatsuniya, kowa shi ji kunya."

Na ce, "Ustaz, kada a ba kowa. Zan karanta."

Ya ce bai ji ba. Na maimaita da ƙarfi, har matan da ke tsakar gida suka waiwayo.

Don haka ga roƙona. 'Yan Mai Wurno, 'yan Makwar, 'yan Abu Hujar, da duk Bahaushen da ke Sinnar, ku zo ran Asabar. Ku zo da iyayenku, ko da ba su taɓa shiga kasuwar littafi ba. Iyalansa sun ce za a shimfiɗa teburinsa kamar kullum. Da bakin gidanmu zan karanta, kuma ban iya kamar shi ba. Zan yi tuntuɓe. In dariya ta zo muku ku yi, amma kada ku tashi sai na gama.

Har yanzu tsoro nake ji.

Ya Allah, ga bawanka Sambo ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa fiye da yadda yake a da, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalansa da tsofaffin rumfarsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi masa Fatiha kafin ya wuce. In da sauran addu'a a bakinku, ku sa ni a ciki, Allah Ya sa muryata ta fito ran Asabar.