Sunan da Na Riƙa Amsawa

Akwai abin da na yi a Riyad wanda da ana maido da jiya, da na koma na warware shi. Na raba wani bawan Allah da aikinsa don ya faɗa mini gaskiya a gaban mutane.

Karatuna bai wuce firamare ba. Gini na iya, shi ya kai ni Saudiyya, har na zama muraƙib, wato mai kula da ma'aikata a wani kamfanin gine-gine. Ina da zafi a wurin aiki. Wanda ya makara tun daga bakin ƙofa zai fara jin muryata. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba mini sunan mutumin nan da ya mulki Jamus lokacin yaƙin duniya na biyu. Ba zan rubuta sunan a nan ba. A wancan lokaci kuwa daɗinsa nake ji. Abu biyu na sani game da shi: ya gagari Turawa, ya kashe Yahudawa. Duka biyun yabo ne a wurina. Har a hular kwanona wani ya rubuta sunan da fenti, ban goge ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kirana da shi ba, wani ɗan Damagaram mai ɗaurin rodi, siriri, mai tabarau. Kafin ya zo, tarihi yake koyarwa a makarantar boko a ƙasarsu. 'Yan Nijar suna ce masa Mushe, domin a can haka ake kiran malamin makaranta. Mu 'yan Najeriya sai mu yi ta dariya, muna cewa ina aka taɓa ganin mushe yana ɗaure rodi. Ba ya fushi.

Wata rana da azahar muna zaune a inuwar bene, mun kewaye faranti ɗaya na shinkafa, na tsokane shi.

"Mushe, kai kaɗai ne sunana ya yi wa nauyi a baki?"

"Girmanka nake gani, Alhaji, shi ya sa."

Na ce ya yi bayani. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya fara magana a hankali. Ya ce an riƙa kwaso mutane daga gidajensu a cikin taragun dabbobi, da tsofaffi da masu goyo. A ce musu wanka za su yi, a rufe ƙofa, a sakar musu iska mai guba. Wajen mutum miliyan shida, ba don sun ɗauki makami ba, sai don an haife su Yahudawa.

Wani ɗan Maraɗi ya ce, "Haba Mushe, bari mu ci abinci lafiya mana."

Ni kuma na ce, "Ba ka ga abin da ake yi a Gaza ba ne?"

Ya ce, "Na gani, kuma kullum suna cikin addu'ata. Amma jaririn da aka shaƙe a can me ya yi wa Gaza? Lokacin ko ƙasar Isra'ila ba a kafa ba. Kuma Alhaji, mai sunan nan naka, baƙar fata irina da irinka bai ɗauke mu mutane ba. Da ya same ka, hular ba za ta cece ka ba."

Ma'aikata suka fashe da dariya. Dariyar nan ce ta ƙona ni. Washegari na shiga ofishin mudir, wato manajan kamfanin, na ce mutumin yana hure wa ma'aikata kunne, kuma yana goyon bayan Yahudawa. Na san nauyin wannan magana a inda na faɗe ta. Iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, saura wata biyu ta ƙare, ba a sabunta ba. Ranar da ya zo sallama na kara waya a kunne kamar ina magana, na ɗaga masa hannu daga nesa.

Aka yi kamar shekara uku. Wata Alhamis 'yata ta fari, wadda take aure a unguwar Ulaisha, ta kawo mana ziyara unguwarmu ta Jaradiya. A Riyad ta girma, Larabcinta ya fi Hausarta. Sai wani abokin aiki ya ƙwala mini kira daga waje da sunan nan, na amsa.

Ta ce, "Baba, har yanzu? Wallahi aibi ne. Ka san me ya yi kuwa?"

Na ce na sani. Ba ta yi gardama ba, ta zauna kusa da ni ta buɗe wayarta. A cikin hotunan na ga wayar ƙarfe mai ƙaya, na ga mutane ƙashi da fata. Sai ta nuna mini wani ɗaki da aka ajiye don tunawa, cike da takalma har sama. Na manya, na mata, da wani ɗan ƙarami wanda tafin hannuna ya fi shi. Ta ce masu su an sa su cire ne kafin su shiga.

Washegari na yi Juma'a a wani masallaci a unguwar Shumaisi. Da aka sallame na fito neman takalmina a cikin tulin da ke ƙofa. Na tsaya ina kallo, kowa ya zo ya zura nasa ya wuce, kafin wani lokaci wurin ya zama wayam. Sai na kasa tafiya. Na zauna a kan dakali na yi kuka, har wani Balarabe ya tambaye ni ko sace mini nawa aka yi.

Ranar Asabar na kankare fentin hular, na hana kowa kirana da sunan. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne haƙƙin mutumin da na zalunta, don na san Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Na yi wata huɗu ina cigiya kafin wani direba ɗan garinsu ya samo mini lambarsa. Na buga masa waya.

"Malam, ni ne. Ni na kai ƙararka wurin mudir."

"Na sani, Alhaji. Tun a lokacin na sani."

Ya ce da ya koma bai sake samun aikin koyarwa ba, yana ɗan noma ne a bayan gari. Na roƙe shi gafara. Sai ya amsa mini.

"Nawa na yafe maka duniya da lahira. Amma murnar da ka yi da mutuwar waɗancan, ba ni da ikon yafe ta. Ba ni aka kashe ba."

Waɗanda zan roƙa ba su da lambar waya. Shi ya sa na sa 'yata ta gyara mini wannan rubutu. Ku da za ku karanta, don Allah kada ku yi irin tawa. Kada fushin wani zalunci ya sa ku yi wa wani zaluncin tafi. In kuma wanda ya fi ku sani ya gyara muku a gaban jama'a, ku haɗiye kunyar, ku bar shi da abincinsa.