Begilar da Ta Watsa Gari a Hayin Gashuwa

Mun tashi daga Kano ana sallame sallar asuba, ni da wani abokina da muka yi badujala tare a soja. Ni mai ganga ne, shi mai busa begila. Saƙo ne ya zo mana ta bakin wani falken kifi, cewa Sajenmu, wanda ya koya mana kiɗa da busa tun ba mu san hagu da dama ba, yana kwance rai a hannun Allah a ƙauyensu, can hayin Gashuwa. Wai ya ce yana so ya ƙara jin begila kafin ya cika. Tun daga tasha gabana yake faɗuwa, kada mu je mu tarar an yi jana'iza.

Jirgin Nguru ba ya san ana sauri ba. Kowace tasha sai ya tsaya ya sha ruwa, ya yi ajiyar zuciya. A hanya muka yi ta tuna zamaninmu: jar dara a ka, jar ɗamara, ƙafa ba takalmi, Saje a gaba yana wulwula sanda. In muka ratsa gari, mai daka takan saki taɓarya, mai aski ya bar kai rabi. Yanzu an sallame mu, samari sun koma wa garmaho, akwatin da in ba a murɗa shi ba sai ya yi ta miƙa kamar mai jin barci. Abokina ya yi tsaki, ya ƙara rungume begilarsa da ya naɗe a tsohon bargo.

Nguru nan ne ƙarshen dogo. Buhunan gyaɗa jibge a bakin tasha, raƙuma sun sauke kanwa, ko'ina ƙamshin banda. Kifin sisi a nan sai mutum biyu su ci su bar kai. Muka kwana a rumfar wani mai shayi, washegari muka hau akori-kurar Gashuwa. Hanyar yashi ce tsakanin goruba, ga ƙarshen damina, fadama ta cika ta tumbatsa. Mun fi tura motar nan yawa a kan yadda ta ɗauke mu, kuma direba bai rage ko anini ba.

A Gashuwa aka nuna mana hanya, muka taka a ƙasa har bakin kogi da la'asar sakaliya. Ga ƙauyen Saje can tsallake, muna hango bukkoki da hayaƙi, ga kwalekwale a ɗaure a wancan gefen. Muka yi kira har murya ta dushe, iska ta kwashe. Ruwan ja ne, yana gudu da rassan itace, an kuma gaya mana akwai kada.

Sai abokina ya ce, "Bari in kira su da abin da ba a ƙin ji." Ya kwance bargo, ya busa kiran taruwa, irin wanda ake yi wa sojoji su fito fareti. Ni kaina tsigar jikina ta tashi don daɗi.

Daɗin bai daɗe ba. Kafin ya sauke begilar daga baki, ƙauyen ya kaɗe. Mata suka suri 'ya'ya suka yi daji, samari suka faɗa cikin dogayen ciyayin ruwa, mai kwalekwale ya tsinke igiya ya bi kogi ya ɓace. Muna tsaye baki buɗe, sai muka ji motsi a bayanmu. Masunta ne da ke gyaran taru a wannan gefen, sun zagaye mu, kowa da mashin kifi a hannu. Na ga yaƙi a ƙasar Bama, hayin teku, amma can akwai bindiga a kafaɗata. Nan sandunan kiɗa kawai gare ni, ga kogi a baya.

Wani dattijo ya matso, Hausarsa da nauyin harshen Bade. "Ina sauran? Ina motar?"

Na ce, "Baba, mu kaɗai ne. Baƙi ne."

"Baƙo ba ya busa wannan. Ran da aka busa shi a nan, ɗiban gwamna aka zo yi. Aka jera yaranmu aka kai su haƙar kuza Jos. Nawa biyu suka tafi. Sanyi ya ci ɗaya." Ya ɗora tsinin mashin a ƙirjin abokina. "Yau kuma wa kuka zo ɗauka?"

Ni na fara kalmar shahada a zuci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun zo har bakin ruwa, kuma da hannunmu muka kori jirgin da zai kai mu.

Sai wani daga cikinsu ya nuna hayi. Gari ya zama kango, amma ga mutum ɗaya yana fitowa daga cikin bukkoki, yana dafa danga, yana faɗuwa yana tashi. Ya sha wuya kafin ya iso bakin ruwa. Da ya iso sai ya saki sandarsa, ya haɗa ƙafa, ya miƙe ƙyam, hannuwa a gefe.

Dattijon ya sauke mashi. "Saje ne. Tun shuka bai taka ƙasa ba."

Shi da kansa ya jawo wani ƙaramin jirgi daga cikin ciyawa ya haye da mu. Muka tarar Saje ya zube a kan yashi, ya rame har ba na son kallonsa. Ya dubi abokina ya ce, "Kai ne ko? Har yanzu kana sakin numfashi kafin ƙarshe." Muka yi dariya da hawaye. Sannan ya ce, "Na ji, ya ishe ni. Kada ku ƙara busa ta a garin nan. Ni na manta abin da take nufi a wurinsu."

Mutane suka dawo da kaɗan-kaɗan, jiƙe sharkaf, ba wanda ya gaishe mu, ban kuma ga laifinsu ba. Kwanakin da muka yi, a bakin gadonsa nake buga masa maci da yatsu a bayan ƙwarya, a hankali, abokina yana bi da hanci, shi kuma yana kaɗa babban yatsan ƙafa. Da mu aka yi masa sutura.

Mun dawo Kano lafiya, ta motar da jirgin nan dai. Abin da na koyo shi ne, kafin ka yi kiɗa a garin mutane, ka tambayi abin da suka binne da shi. Mu muna kewar begila, su kuwa har yau tsoronta suke. Gari guda ya ji ta ya gudu, mutum ɗaya ne ya rarrafo ya amsa, kuma dominsa muka je.