Wutar da Yaya Ya Kashe

Kawu, ƙanen Innarmu, ya shekara ashirin da huɗu yana jan kaya da a-kori-kura. Da gwiwarsa ta hagu ta daina jure taka kuloci, sai ya rabu da tsohuwar motar ya sayi mai canza giya da kanta. 'Ya'ya shida ke ci a bayan motar nan. Wani bakanike ya taɓa gaya masa cewa in giyabos ɗin irinta ya ƙone, gara mutum ya nemi wata sana'a, kuma maganar ba ta taɓa barin ransa ba.

Ranar da Inna za ta tashi zuwa sabon gida, kwana huɗu ke nan da yi wa Kawu aikin yanar ido. Ido ɗaya a liƙe da auduga, ɗayan kuwa dishi-dishi yake gani. Likita ya hana shi tuƙi. Ga injin niƙan Inna da janareta an ɗaure a ƙaramar tirela, ga mai gidan haya yana jiran makullinsa. Dole Yayana ya karɓi sitiyari. Kawu ya zauna gefen ƙofa, ni a tsakiya.

"Kafin ka ja, kashe obadiraib," in ji Kawu. "Maɓallin yana jikin sandar giya. Da kaya a baya ba a barin mota ta hau giyar ƙarshe, zafi take ɗauka."

"Kawu, shekarata uku ina tuƙi fa."

"Kana kai maigidanka ofis da jakar takardu. Wannan ƙarfe ne, direban kwat."

Yaya ya danna. Wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Ya ɓata fuska, ya sake dannawa, ta mutu. A idona aka yi. Ni ma a sanina, in wuta ta kama a gaban mota to matsala ce, don haka na ɗauka daidai ya yi.

A shimfiɗaɗɗen titi lafiya lau. Da muka fara hawan doguwar gangarar da ke bayan ma'aikatar bulo, sai motar ta shiga wani hali. Injin ya yi kuka ya sauka, ya sake yin kuka ya sauka, kowane sauyi sai mun ji fizga a bayanmu. Kawu ya ɗora tafin hannunsa a ƙasa, kusa da ƙafata.

"Me take nema haka? Kai, ka kashe kuwa?"

"Tun a ƙofar gida."

"Uwata," haka yake kirana don sunan kakata aka sa mini, "duba min gaban nan. Me kika gani?"

"Komai lafiya, Kawu. Babu wuta ko ɗaya."

Ya juyo da idonsa mai auduga wajena. "Babu wuta?"

"Ta kama ɗazu, Yaya ya kashe ta."

"Innalillahi! Wutar ita ce shaidar an kashe shi! Ni obadiraib na ce, ba fitila ba!"

A lokacin ne warin ya shigo, kamar an manta dutsen guga a kan riga. Yaya ya kai hannu ga makulli.

"Kar ka kashe injin! Sauka gefe, ja birkin hannu, bar ta tana aiki man ya zagaya."

Muka tsaya a kan tsakuwa, manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu. Yaya ya ɗaga bonet, ya sa duwatsu a bayan tayoyin tirela, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Kawu ya hana a taɓa komai sai da aka ɗauki lokaci mai tsawo. Sannan ya lallaba da hannu, ya zaro sandar awon man giya. Ya shinshina, ya murza man tsakanin yatsu, ya kai kusa da idonsa mai gani, ya yi tsaki.

"Ba na gani. Uwata, kawo abu fari."

Na miƙa gefen mayafina. Ya goga sandar a kai.

"Faɗa min gaskiya, ban da lallashi. Ja ne ko baƙi?"

Na ɗaga mayafin sama wajen rana. Na san abin da kalma ɗaya za ta yi wa gidansa.

"Ja ne, Kawu. Amma ya yi duhu, ya fara komawa ruwan ƙasa."

"Akwai baƙin gari-gari a ciki?"

Na sake dubawa, na murza da farce. "Babu."

Ya zauna a kan ƙarfen da ya haɗa motar da tirela.

"Ta sha wuya, amma da ranta," ya ce. "Gobe da safe a zubar da man nan."

Da muka koma ciki, Yaya ya danna maɓallin, wutar ta kama, ya janye hannunsa a hankali.

"Ta kama, Kawu."

"Ba kai na tambaya ba. Uwata?"

"Tana ci."

"To zuba mata ido. In ta ƙifta, ki yi ihu."

Har muka isa ƙofar sabon gidan ban kalli titi ba.