Simintin da Ya Ƙi Shan Ruwa

A kur ɗinmu, wato gidan haya mai tsakar gida ɗaya, a unguwar Bracodi, in aka yi ruwa, sai mun tattare zane mun taka bulo kafin mu kai bakin ƙofa. Haka na tarar da shi tun ina amarya daga Nijar. Shi ya sa ranar da ɗana ya dawo daga Treichville ya ce akwai simintin da ke shan ruwa, na ce ya kai wa yara wannan tatsuniya.

Magini ne, kamar ubansa marigayi, kuma wan uban ne ya koya masa. Aiki ya yi masa wuya a garin nan. Abokansa sun tafi Gabon, kullum suna kiransa a waya. Rannan ya zauna nesa da tabarmata ya ce, "Inna, akwai kamfani kusa da tashar Gare de Bassam, suna shimfiɗa wuraren ajiye motoci da simintin nan. Ba sa ɗaukar kowa sai mai takardar shaida. In na same ta, na zauna. In ban samu ba, zan bi su."

Shi kaɗai ya rage mini.

Ya yi ta bin gbaka, ƙananan motocin hayar nan, zuwa koyo. Da suka gama aka ba kowa kayan haɗi gwargwado, aka ce ya shimfiɗa ɗan wuri da hannunsa, mai dubawa zai zo ya gwada. Ya zaɓi bakin ƙofarmu. Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Tsakuwa ce da siminti, babu yashi, ruwa kaɗan. Ya zuba, ya mirgina bututun ƙarfe a kai, abin ya fito duk ƙofofi kamar kantun riɗi. Ya ce ta nan ruwa ke bi ya sauka ƙasa, don haka ba a shafe shi da cokalin gini, leda kawai ake rufawa ya kwana biyu.

Yana warware ledar zai rufa sai ga Baffan nasa da carbi a hannu. Ya tsaya, ya duba, ya saki salati.

"Wa ya yi wannan ɓarna?"

"Baffa, haka ake son shi."

"Haka wa ke so? Baƙi za su zo su ga aikin gidanmu kamar kaza ta yi tono? Kawo mini yashi."

Ya tuɓe riga ya rataya a igiyar shanya. Ya kwaɓa siminti da yashi, ya zuba ruwa sosai, ya durƙusa da gwiwoyin da ko a salla ba ya iya lanƙwasawa, ya hau shafewa. Maƙwabta suka fito suna cewa Allah ya bar zumunci, tsoho ya sa wa yaro albarka a aiki.

Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane, ko dukansa ake sai ta kau da kai. Ranar na ajiye wannan kunya.

"Yaya, ka bar masa. An ce ba a shafewa."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Yau kuma mata ke koya mana gini? To, madalla." Aka yi dariya.

Na dubi ɗana, ina jira ya buɗe baki. Namiji mai furfura a gemu. Sai ya ce, "Inna, ki bari." Ya sunkuya ya riƙe wa Baffansa kwanon kwaɓi har ya gama. Wuri ya yi sumul kamar faranti.

Da tsohon ya tafi na ce ya fasa tun bai bushe ba. Ya ce, "In fasa aikin Baffa, duk kur na kallo? Mutumin da ya ciyar da mu bayan rasuwar Baba?" Na ce takardar fa? Ya shimfiɗa ledar a kai, ya danne gefenta da duwatsu.

Mai dubawa ya zo, mutum mai ladabi, har ya gaishe ni da Julanci. Ya ɗaga bokiti ya juye. Ruwan ya bazu, ya tsaya, ina ganin sararin sama a cikinsa. Muka jira. Ya yi magana da Faransanci a hankali, ɗana yana gyaɗa kai. Daga baya na tambayi ɗana ko ya faɗa wa mutumin wanda ya shafe. Ya ce aikinsa ne, sunansa ke kai. An ce ya dawo in an sake buɗe koyo, ba a san yaushe ba.

Bai jira ba. Ranar tafiya Gabon ya durƙusa ya roƙe ni abu ɗaya, kada in taɓa gaya wa Baffa shafensa ne ya hana shi takardar. Na ce na ji. Ban raka shi ko bakin titi ba.

Yana kira jefi-jefi. Ya ce yana lafiya, muryarsa kuwa ba ta ce haka ba.

Baffan ya tsufa ƙwarai yanzu. Ran Juma'a yakan biyo, in kawo masa ruwa. Wancan makon ya ce, "Yaran yanzu ba haƙuri. Me ya rasa a nan da zai bar uwarsa ita kaɗai?"

Na karɓi kofin daga hannunsa. Na ce, "Allah ne ya sani, Yaya."