Zaman Jiran Alhaji Sha'aban

Alhaji Sha'aban mai kayan babur ne a bakin tashar Mai'adua da ke Daura. Da facin taya ya fara a gindin dalbejiya. A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a baburan ƙasar Sin suka cika gari, kasuwa ta buɗe masa, har ya soma zuwa can da kansa yana saro kaya.

Tafiyar ba ta taɓa yi masa daɗi ba. Babu jirgin da zai ɗauki mutum daga Kano ya dire shi can, sai an sauka wata ƙasa an canza. A zuwansa na farko jirginsu ya makara, ya sauko da gudu riƙe da takalmansa, ya tarar an rufe ƙofar shiga jirgi na biyun. Tun daga nan Badaru, mai sayar masa da tikiti a Kano, ya san halinsa.

"Alhaji, hanyar Addis jiran kaɗan ne, kana sauka kana hawa."

"Ta Dubai fa?"

"Wuni guda za ka yi a zaune."

"Ba ni na zaman. Gwiwata ta daina gudu."

Haka ya tsufa a kan kujerun ƙarfe na filayen jirgi, yana cin dambun naman da matarsa Maijidda ta ƙulla masa, ƙafafunsa na kumbura, yana tambayar masu shara ina alƙibla.

Wata shekara yana can ƙasar Sin Maijidda ta bugo waya, ta ce jikin mahaifiyarsa Inna Shatu ya yi tsanani, sunansa take ta kira. Ya nemi Badaru. Hanya biyu ce kamar kullum. Sagir, maƙwabcinsa a kasuwa da suka je tare, ya ce, "Yaya, mu bi gajeriyar, Allah na nan."

Sha'aban ya auna hanyoyin biyu. In gajeriyar ta yi kyau zai riga isa gida. In kuwa jirgi ya kuɓuce masa, sai ya jira wani, kuma ba kullum ake samu ba. Ya ce Sagir ya je, shi zai bi wadda ya sani.

Jirgin Sagir bai makara ba. Da shi aka sallaci Inna Shatu, shi ya kama makara a madadinsa. Labarin ya iske Sha'aban a Dubai yana zaune da jakarsa tsakanin ƙafafu, ga sauran jira a gabansa. Ya tashi ya yi alwala, ya dawo kujerarsa, don babu inda zai je.

Da ya iso Daura babu wanda ya ga laifinsa. Limamin unguwarsu ya ce ajali ba ya duba tikiti. Ya amsa da "Haka ne, Malam," ya zauna a tabarma yana karɓar gaisuwa.

Bai daina tafiya ba, iyali sun yi yawa. Sai dai yanzu in Badaru ya fara jero masa hanyoyi, yakan katse shi ya ce, "Zaɓa mini kawai, ɗan'uwa, na gaji." Wani lokaci ya samu jirgin, wani lokaci ya rasa.